Kub ɗin da Kaka ya shafa wa man shanu

Ran Lahadi a kasuwar Tawa na ji wani ƙiƙi-ƙiƙi a bayana, sai da gabana ya faɗi. Da na waiga, mai tebur ne yake murɗa kub, abin wasan nan mai fuska shida da launi shida, wanda ake juyawa har kowace fuska ta koma launi guda. Irin na da ne, mai araha, mai tauri, wanda launukansa takardu ne aka manna. Kai da ba ka san labarina ba za ka ce mene ne abin faɗuwar gaba a roba. To, irin robar nan ce ta raba ni da lakkwal, wato makarantar boko.

Ina ajin ƙarshe na firamare a ƙauyenmu, arewa da Takanamat, babana ya dawo daga Abijan da shi a tsaraba. Shi ɗan cin rani ne kamar duk mazan gidanmu, damina a gona, rani a bakin teku. Mushenmu, wato malamin ajinmu, ya matsa a bar ni in wuce kwaleji a Tawa, baba kuwa yana son mai taya shi tura kurar shayi. Ranar da zai koma ya hargitsa kub ɗin ya miƙo mini.

"In na dawo na iske ka maishe shi daidai, ka wuce Tawa. In ka kasa, mu tahi tare."

Wasa yake ko gaske, ni dai na ɗauke shi da gaske. Duk ranin nan abin yana hannuna, a bakin rijiya, a bayan awaki, a gindin aduwa. Ba mai koya mini. Yashi ya shige shi, in na murɗa sai ya yi kuka, babban yatsana har ya yi kanta. Kafin bazara na gane yadda ake haɗa layi biyu, saura na sama. Ina jin ƙanshin nasara kamar yadda ake jin ƙanshin ruwan farko.

Kakana, mahaifin baba, mai ɗinkin wasaki ne, gugar fata ta jan ruwa. A wurinsa duk ciwon duniya man shanu ke maganinsa: fata in ta bushe, takalmi in ya tsage, ƙafa in ta yi faso. Kukan kub ɗin ya dame shi. Wata rana da hantsi aka aike ni kai tunkiya wurin makiyayi, na bar shi a kan tabarma. Da na dawo babu shi.

"Abin ga kuka shi kai," in ji Kaka. "Duk abin da ka kuka, mai shi ka so. Bar shi ya sha kwana biyu."

Ya cusa masa man shanu a kowace gaɓa, ya ɗora shi a bakin rumbu yadda yake yi wa sabon wasaki. Wa ya isa ya taɓa abin da Kaka ya ajiye? Da kwana biyun suka cika na hau na ɗauko. Mai ya ratsa ƙarƙashin takardun, rabinsu sun zame, ɓeraye sun ci sauran sun gwaguye kusurwoyi. Baƙar roba ce kawai mai ƙarni a hannuna. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Baba ya iso da ruwan shuka. Ya juya abin a hannunsa, ya shinshina, ya jefar.

"Wanda bai iya riƙon abin wasa ba, ina shi ka riƙon littahi?"

Kaka yana zaune nan kusa, yana huda fata da basilla. Na dube shi. Kalma ɗaya ce za ta cece ni, amma bai ɗaga kai ba. Ni kuma a gidanmu yaro ba ya nuna tsoho da yatsa a gaban ɗansa. An ce babba juji ne, amma ran nan ni aka mai da juji. Bayan girbi na hau mota zuwa Abijan. Kuskuren man shanun na daɗe da yafe wa Kaka, don da kyakkyawar niyya ya yi. Shirun nan ne har yau yake tsaye mini a wuya, Allah ya jiƙansa duk da haka.

Yanzu kabu-kabu nake yi da babur a Tawa. Na sayi kub ɗin mai tebur na kai wa ɗiyata da ke kwaleji. Ta murɗa sau biyu ta yatsina fuska.

"Baba, wanga tsohon yayi na, wa ka sayen shi yanzu? Na yanzu da maganaɗisu ciki, ko kuka ba su yi."

Gaskiyarta, a wurinta asara ce. Ƴan ajinsu a waya suke koya, kafin shayi ya tafasa sun haɗa shi sau goma. Sai na sa shi a aljihu. Ita ta nuna mini yadda ake layin sama, cikin sati biyu na haɗa shi tsaf a gindin bedi, itacen dogon yaro, inda muke jiran fasinja. Na ɗaga shi sama, na duba hagu da dama. Baba ya rasu, Kaka ya rasu, mushe ban san inda yake ba. Sai wata mata ta ce in kai ta tasha, na mai da shi aljihu na ta da babur.