Mararrabar Zailani

Ranar ta fara kamar kowace ranar kaka a Unguwar Gamji. Da asuba Shatu ta hura wuta ta ɗora ruwan kunu. Tana cikin tankaɗe ta ji tarin Zailani a zaure, ya dawo daga masallaci. Ba ta ɗaga kai ba. Ɗanta ne na fari, kuma sunan surukinta ya ci, don haka tun ranar suna bakinta bai taɓa furta sunansa ba. In ta kama dole sai ta ce “yaron nan” ko “wancan”. Kakarsa ce ta yaye shi, a ɗakinta ya girma. Shi kuma Yaya yake ce wa Shatu, yadda ya taso ya ji ƙannenta suna faɗa.

Da hantsi ya shigo tsakar gida da magirbi a kafaɗa, ya kurɓi kunu ya yamutsa fuska.

“Yaya, kunun nan dai ko warin sukari bai ji ba.”

Shatu ta dubi ’yarta Haulatu ta ce, “Gaya wa wancan, mai son sukari ya yi aure.”

Ya yi dariya. Ya ɗebi ruwa a randa da moɗarsa, wata shuɗiya ta tangaran ƙarfe da ya saya wurin fataken Nijar, ya shanye, ya ajiye ta a bakin ƙofar ɗakin Shatu maimakon ya rataye a ƙusa. Kullum haka yake yi, kullum tana mita.

Da azahar abokinsa Sadiq ya yi sallama. Gonarsu ɗaya ce in ban da layin gamba da ya raba, kuma ya ci tuwon gidan nan ba iyaka. Ya ce, “Inna, kawo furar in wuce masa da ita.” Ta ƙara nono saboda su biyu ne za su sha.

Da la’asar tana surfe ta ga moɗar tana nan inda aka bar ta. Ta tura ta bayan ƙyaure da ƙafa.

Da magariba masu girbi suka yi ta shigowa gari. Ta san tafiyarsa, ta san tarinsa, ba ta ji ko ɗaya ba. Ita ta fara lura a gidan. Amma uwa ba ta cigiyar ɗan fari a gaban mutane, don haka ta rufe tuwonsa da faifai ta yi shiru. Sai da gari ya waye kakarsa ta fito tana tambaya.

Bayan ’yan kwanaki aka tsamo shi daga tsohuwar rijiyar fadama. Abin da ya sa labarin ya zagaye ƙasar Daura har ya tsallaka iyaka shi ne Sadiq. Da shi aka yi nema. Da shi aka haƙa kabari. Ya zauna a tabarmar makoki yana amsa gaisuwa kamar ɗan gida, har ranar da wata mai tallar nono ta faɗi abin da ta hango a bakin gamba. An tura layin gamban ne cikin gonar Zailani, abin da bai kai faɗin tabarma ba, magana ta yi zafi, akwai magirbi a kusa. Sadiq a gidan yari ya ƙare kwanansa.

A zaman makoki ɗakin kakar mata suke shiga su yi kuka. Shatu tana gindin murhu tana tuƙa wa baƙi tuwo. In an ce mata “Ya haƙuri?” sai ta ce “Haƙuri sai ma’aiki,” ta ci gaba da tuƙi. An daɗe ana yabonta. Ana ce wa amare su koyi alkunya wurin Shatu.

Daga nan rayuwa ta ci gaba yadda ta ga dama. Ta yi sana’ar daddawa har hannuwanta suka rine. Ta aurar da sauran ’ya’yanta. Kakar ta rasu, maigidan Shatu ya bi, Haulatu ta ɗauke ta zuwa gidanta a garin Babban Mutum. A cikin waɗannan shekarun aka zuba kwalta, aka fara kiran inda hanyar Unguwar Gamji ta rabu da titi Mararrabar Zailani. Daga baya mutane suka gaji da tsawon sunan. Gidan Haulatu yana bayan tasha, saboda haka duk ranar kasuwa Shatu tana zaune a tabarma tana jin masu lodi suna kira, “Zailani, Zailani, saura mutum ɗaya.” Sunan da ta yi shekara ashirin tana kauce masa, yanzu kowane bakin da ya ga dama yana jefa shi ta kan katanga.

Bara yanar ido ta fara rufe mata gani. Wata safiya ta ce wa Haulatu, wadda ita ma yanzu ta yi jikoki, “Ina son in je can.”

“Can ina, Inna?”

“Kin sani.”

Ba ta taɓa zuwa ba. Mata ba sa zuwa maƙabarta, gona da rijiyar kuwa ba wanda ya taɓa tunanin za ta so gani.

Suka ɗauki shatar keke napep na wani magidanci mai suna Hafizu, mai surutu da son raha. Da Haulatu ta gaya masa inda za su da abin da suke son gani, ya gyara zama.

“Ai kun dace. Ni na kai ’yan jami’a masu bincike, na kai wasu daga Zinder. Iya, riƙe ƙarfen nan da kyau, kada a ce na zubar da amarya.”

“Amaryar ta fi ƙarfinka,” in ji Haulatu. “Kai dai kalli hanya.”

Gonar suka fara zuwa. Babu gamba. Mutum ɗaya ne ya saye gonakin biyu ya haɗe su, ya shuka riɗi daga wannan gefe zuwa wancan. Hafizu ya yi ta nuni da hannu, yana cewa nan ne, a’a, can ne wajen gawon. Shatu ta tsaya riƙe da sandarta tana duban fili. Abin da take iya gani kore ne kawai, shimfiɗe, babu inda ya rabu.

A fadama an cike rijiyar tuntuni. Sai ɗan kwari da sabara ta tsiro a ciki, da awaki suna kiwo. Hafizu ya rage murya kamar yadda ya saba yi wa baƙi. Ya ce Zailani attajirin shanu ne. Ya ce da damina akan ji nishi daga ƙasa. Shatu ta san ba haka ba ne. Saniya ɗaya ma bai taɓa mallaka ba, tunkiya gare shi, gurguwa.

“Kuma abin tausayin,” in ji Hafizu, “maraya ne. Kakarsa ta rene shi. Duk tsofaffin nan haka suke faɗa, ba wanda ya taɓa jin labarin uwarsa. Ai da yana da uwa da an ji kukanta.”

Haulatu ta buɗe baki, Shatu ta riƙe mata wuyan hannu. Shatu ta san ba ƙarya Hafizu ya shirya ba. Abin da gari ya gani shi gari ya riƙe. Waɗanda suka san dalilin shirunta duk sun mutu, shirun ne kaɗai ya rage, kuma idan ita ma ta bi su haka labarin zai zauna.

“Ɗan nan,” ta ce.

“Na’am, Iya.”

“Yana da uwa.” Harshenta ya yi nauyi, kamar za ta ɗaga turmi. “Ni na haifi Zailani.”

Haulatu ta juya musu baya ta rufe fuska da mayafi. Hafizu ya cire hularsa, ya mayar, ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya durƙusa a kan yashi.

“Iya, ki yafe mini. Allah ya jiƙansa.”

“Amin. Kuma ba shi da shanu. In ka kawo wasu ka gaya musu manomi ne, yana son sukari.”

A hanyar dawowa suka iso mararrabar. Akwai ɗan masallaci a wurin yanzu, da mai shayi, da mai faci, da randa a gindin dalbejiya don matafiya. Shatu ta ce a tsaya.

Lokacin rabon gado, kekensa ƙanin ubansa ya saya aka raba kuɗin. Rediyonsa ƙaninsa ya ɗauka. Rigunansa aka yi sadaka da su, tunkiyar aka yanka ranar addu’ar arba’in. Magirbin hukuma ta tafi da shi, bai dawo ba. Da aka tambayi Shatu abin da take so cikin kayan, ta ce a ba yara. Moɗar ce kawai ba ta shiga lissafi ba, don tana bayan ƙyaure inda ƙafarta ta tura ta. Ta bi Shatu a ƙasan adaka, cikin tsohon zane, daga Unguwar Gamji har Babban Mutum.

Yanzu Shatu ta kwance ƙunshin zanen da ke cinyarta. Shuɗin ya ɓantare a baki, ƙarfen ya yi duhu. A kan randar akwai wani guntun roba da aka yanke daga gora, da shi ake sha. Haulatu ta kama mata hannu har gindin bishiyar. Shatu ta ɗauraye moɗar, ta ɗebi ruwa ta sha, ta kira mai shayin ta ce ya samo igiya ya ɗaure ta a jikin randar.

“Ta wace ce, Iya, in an tambaya?”

“Ta mai wurin ce,” ta ce. “Uwarsa ta kawo.”