Dattawan Kawu Sale na Ƙarƙashin Gado

Duk wanda ya san Kawu Sale kafinta a Gwarzo ya san ba ya amsa gaisuwar safe sai ya dafa bangon shagonsa. In ya ji danshi a tafin hannu sai ya ce, "Bango ya yi gumi, yau dattawa ba za su fito ba." Sannan ya waiwayo ya ce maka, "Lafiya lau."

Dattawan nan fa ba mutane ba ne. Yankakkun filawud ne da ya fitar da hannunsa, yana ɗora su a kan katako ya zana ƙafar kujera ko murfin kabad, kowanne ya fito daidai da ɗan'uwansa. Da su ya yi suna, har Kabo ana cewa ƙofar Sale ba ta ƙin rufuwa. In ɗaya ya lanƙwashe, duk abin da aka yanka da shi ya karkace, sunan ya tafi.

Shagon kuwa rufin kwano ne, da bazara ya gasa su, da damina ya jiƙa su. Sai Kawu ya kwashe su ya kai ƙarƙashin gadon matarsa, Inna Hajara, ya kwantar a kan sanduna, ya danne da bulo, yana juya su duk Juma'a. Tasoshinta aka turo waje.

"Malam, wai ɗakina ne ko sito?"

"Hajara, tasa ba ta mura."

Wata damina ya tafi suna Garo, Inna ta samu sarari ta fito da su za ta yi shara, ta jingina a zaure, ta manta kwana biyu. Dogon cikinsu ya yi doro. Kawu ya dawo ya gani, ya ɗauke shi ya tafi da shi shago. Bayan mako ya kawo mata sabuwar kujerar tsakar gida da ya yanka da shi. Tana zama ta ji ta yi gefe.

"Kai, Malam! Wannan ai gurguwa ce!"

"Aikinki ne, ni ƙusa kawai na buga."

Na Kabo kuwa ni na goya shi a babur, za mu gidan wani Alhaji aikin taga. Ruwa ya tare mu a hanya. Wallahi Kawu ya tuɓe rigarsa ya naɗe filawud, muka shiga gidan mutane yana ɗiga daga shi sai singileti.

Alhaji ya ce, "Subhanallahi, Malam Sale, ba ka gudun zazzaɓi?"

"Alhaji, ni in na jiƙe zan bushe in miƙe. Shi fa?"

Da Allah Ya yi wa Kawu rasuwa, bayan sadakar arba'in na je gidan. Ni ne ɗan ƙanwarsa, shagon ya dawo hannuna, na ce bari in kwashe su Inna ta huta. Na durƙusa ke nan ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ina za ka kai su, hadari na haɗuwa?"

"Inna, na ɗauka kina son ɗakinki."

Ta shigo ta durƙusa kusa da ni.

"Na daɗe ina cewa a fitar da su. Da shi nake, ba da kai ba. Ɗaga bulon nan mu juya su."

Muka juya su ɗaya bayan ɗaya, duk a miƙe suke.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Inna haƙurin rashinsa. Amin.