Hannun da Mirgani Ya Ɗaga

Shekara ashirin da bakwai Mirgani Dafa'allah ya yi yana tuƙi a Abu Dabi bai taɓa goge wa kowa fenti ba, kuma ba ya bari ka manta da hakan. Ya ja motar ɗaukar leburori, ya ja tasi, ya ja motar makaranta. Lasisinsa yana cikin wata 'yar jakar fata a aljihun ƙirji, yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Ni Tajussir, mutumin Shendi ta ƙasar Sudan, shekara tara muna ɗaki ɗaya da shi a unguwar Musaffa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Abu Hiba muke kiransa, saboda 'yarsa tilo da ke karatun haɗa magunguna a Alƙahira. Matarsa ta rasu tun Hiba tana firamare. Gidan da ya kwashe ƙuruciyarsa yana ginawa a garin Bahri, can Sudan, yaƙi ya cinye shi, ko ƙofa ba a bari ba. Saboda haka lasisin nan shi ne aikinsa, aikin shi ne takardar zamansa a ƙasar, kuma in takardar ta faɗi babu inda zai nufa. Duk mun san wannan lissafin, ba ma dai faɗarsa a wurin cin abinci.

Aibinsa ɗaya, gaisuwa. Mu mutanen Sudan an san mu da ita, amma ta Mirgani ta wuce misali. In ya tare ka sai shayinka ya huce, ya tambayi mahaifiyarka, ya tambayi ciwon gwiwarta, ya tambayi maƙwabcin da ya rasu bara. A kan titi ma haka yake. Duk mai tafiya a ƙasa da ya tsaya a gefe ya kalle shi, sai ya taka burki, ya buɗe tafin hannu ya shara shi gefe: bismilla, wuce. Na sha yi masa tsiya cewa da shi ne fitilar hanya da ba ta taɓa yin ja ba.

Ni na ja shi zuwa kamfanin motocin da ke tuƙa kansu. Ba zan kira sunan kamfanin ba, har yanzu a can nake ci. A lokacin, izinin da aka ba su ya ce dole a sami mutum a kujerar direba, sai suka nemi tsofaffin hannu masu tsabtataccen tarihi. A takarda sunanmu jami'an kariya, mu kuwa masu gadin sitiyari muke ce wa kanmu. Aikin ke nan: ka zauna awa takwas, hannuwa biyu a buɗe kusa da sitiyari ba tare da ka taɓa shi ba, kamar mai jin ɗumin wuta, ƙafa tana rataye a saman burki. Wata 'yar kyamara tana kallon ƙwayar idonka, ka kau da kai kaɗan ta yi maka ƙara. Duk wanda ya ce maka wannan zaman hutu ne bai taɓa ganin sitiyari yana juya kansa a tsakiyar shataletale ba. Watan farko kullum da ciwon wuya nake komawa gida, saboda tsoro.

Wadda ta horar da mu, Injiniya Rula, 'yar Jodan ce, ba ta da wasa. Dokokinta sun fi ashirin, amma ɗaya ta fi nanatawa: kada ka yi wa kowa a waje alama. Ba ɗaga hannu, ba gyaɗa kai, ba murmushi. Yana cikin takardar da muka sa wa hannu, cewa in ka yi alama, abin da ya biyo baya a wuyanka yake.

“To in dattijo ya kalle ni fa, Injiniya?” in ji Mirgani. “In yi masa kallon bango?”

“Ka yi masa kallon bango, Abu Hiba,” ta ce. “Hannun nan alkawari ne, kuma ba kai ke tuƙa motar ba. Ita ba ta san ka yi alkawari ba.”

Muka yi dariya, har da shi. Wata goma sha ɗaya ya riƙe dokar, ina ganin yadda take cinsa. Yakan dawo ya ce yau wata tsohuwa ta kalle shi ya kau da kai kamar mara tarbiyya, ya ji kunya har ƙafarsa. Amma sabo turken wawa ne.

Ranar wata Talata ce, gab da la'asar, a wani ƙaramin layi kusa da masallaci. Babu fasinja. Motar ta tsaya tana jiran wani mai babur ɗin kai abinci ya gama fita daga gabanta. Sai ga wani dattijo ɗan ƙasa da sanda, ya fito tsakanin motoci biyu da ke ajiye, ba a wurin tsallakawa ba. Ya leƙo, ya sami idon Mirgani, ya haɗa yatsunsa sama ya ɗan kaɗa su, yana roƙon a jira shi. Kafin Mirgani ya yi tunani hannunsa ya riga ya tashi. Dattijon ya gyaɗa kai ya sako ƙafa. A daidai lokacin babur ya wuce, motar ta ga hanya ta buɗe, ta tashi.

Ba ta yi taku biyu ba ta ja burki da kanta, shi ma ya danna. Taɓawa ce kawai. Amma mutum ɗan shekara tamanin da uku ba ya buƙatar fiye da taɓawa. Ya faɗi, ƙugu ya karye, kai ya bugi gefen titi. Mirgani ya fito ya zauna a kan kwalta mai zafi ya ɗora kan tsohon a cinyarsa har motar asibiti ta zo. Hajji Khalfan sunansa, tsohon masunci, sallar la'asar za shi.

Da aka sallamo Mirgani daga ofishin 'yan sanda washegari da safe, na tarar da shi zaune a bakin gado da takalma a ƙafa. Ya gaya mini komai. Na tambaye shi abu ɗaya: wa ya gani? Ya ce babu kowa. Kyamarar ciki idonsa take gadi, ba ta kai ga hannu ba. Na'urorin waje kuwa waje suke kallo. Mai babur ya riga ya juya baya. Mutum ɗaya ne a duniya ya ga hannun, shi kuma yana kwance a asibiti bai farfaɗo ba.

Ni na ce ya yi shiru. Ba zan ɗora wa kowa wannan ba. Na ce masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na tuna masa da Hiba, na tuna masa da Bahri, na ce in ya buɗe baki kotu ce, kuma in tsohon ya mutu Allah kaɗai ya san inda za ta tsaya. Na ƙara da cewa in aka ji mutumin da aka zaunar don kariya shi ne ya jawo hatsarin, gobe za a ce gara a cire mu duka daga kujerar. Mu arba'in da biyu ne. Gaskiya na faɗa, amma kaina nake ji wa tsoro, kuma shi ma ya san haka.

Kwana tara muka yi a haka. Duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara sai mu zuba mata ido mu biyu kamar mun ga kunama. Mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, in yi sauri in leƙa ta taga. An dakatar da shi daga aiki har a gama bincike, sai ya yini a ɗaki yana goge takalman da ya riga ya goge. Mutumin da ke cinye kwanon ful, dafaffen waken nan namu, shi kaɗai ya koma gutsurar biredi yana ajiyewa. Ya daina gaisuwa. Mai shagon da ke ƙasan benenmu, wani ɗan Kerala ta Indiya, har ya tare ni ya tambaya ko ya yi wa Abu Hiba laifi ne.

Ranar Juma'a bayan mun dawo masallaci na zuba mana abinci, ya zauna yana kallon kwanon.

“Tajussir,” ya ce, “na ɗaga hannu zan roƙa wa tsohon nan lafiya, sai na kasa.”

Na ce ya ci abinci.

“In ya tashi zai faɗa. In bai tashi ba na tsira. Ina cewa Allah ya ba shi lafiya da bakina, amma akwai wani abu a ƙasan zuciyata da ke cewa wani abu dabam, kuma Allah yana jin su duka biyun. Wannan ne ke ba ni tsoro, ba kurkuku ba.”

Ni ma akwai wannan abin a ƙasan tawa zuciyar, kuma nawa ya fi nasa ƙarfin murya.

Aka kira shi gaban kwamiti: jami'in 'yan sanda, mutumin hukumar sufuri, lauyan kamfani, da Injiniya Rula. Suka haska hoton abin a bango sau bakwai, suka nuna tsohon ya shigo ba a wurin tsallakawa ba, suka nuna motar ta ja burki cikin lokacin da doka ta nema, suka nuna idon Mirgani bai bar hanya ba ko sau ɗaya. Suka yi ta gardama kan ko burkinsa ne ya riga ko na motar, don a san wa ke tuƙi a wannan ƙiftawar idon. Babu wanda ya tambaye shi batun hannu. Ya ce Rula ce kaɗai ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar da ido kan takardarta.

Hajji Khalfan ya rasu a rana ta tara, bai buɗe ido ba. Kwana biyu bayan nan aka ce wa Mirgani ba shi da laifi, ya dawo aiki ranar Litinin. Na ji sanyi a raina, kuma ina jin kunyar faɗar haka.

Sai ya ce za shi ta'aziyya. Lauyan kamfani ya hana, ni ma na hana, na ce masa wanda ya tsira daga rijiya ba ya komawa leƙa ta. Ya sa farar jallabiyarsa ya naɗa rawani. Da na ga ba zai tsaya ba na bi shi, don in riƙe masa baki.

Rumfa ce babba a ƙofar gidan, rana ta uku da rasuwar, maza jere a kujeru, ana zagayawa da gahawa da dabino. Babban ɗan mamacin, Ganim, mutum mai furfura a gemu, da ya ji ko wane ne sai ya miƙe ya riƙe hannun Mirgani da hannu biyu. Ya ce an gaya musu yadda ya riƙe kan mahaifinsu a cinya a cikin wannan rana, Allah ya saka masa. Ya zaunar da shi kusa da shi. Na ga gumi yana bin wuyan Mirgani duk da sanyin na'ura.

Can Ganim ya yi ajiyar zuciya, ba ma da mu yake ba sosai.

“Abu ɗaya ne ya tsaya mini,” ya ce. “Baba bai taɓa tsallaka titi ba sai direba ya ba shi hannu. Mukan yi masa dariya, ko titi babu kowa sai ya nemi idon wani. Ban san abin da ya shiga kansa ranar ba.”

Na yi caraf na ce tsufa ne, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa. Na ɗora ƙafata a kan ta Mirgani na danna da ƙarfi.

“Ba abin da ya shiga kansa,” in ji Mirgani. “Ni na ba shi hannu.”

Mai zuba gahawa ya tsaya da buta a sama. Na kusa da mu suka juyo, kallon ya bi layin kujeru har ƙarshen rumfar. Na ƙirga ƙofofin fita, ɗaya ce, kuma tana da nisa. Ganim ya dubi Mirgani.

“Kwana goma sha biyu ana ce mini mahaifina ya rikice,” ya ce a hankali. “Ka faɗa a nan. Za ka iya faɗa a can, gaban hukuma?”

Mirgani ya ce zai iya.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Iyalin suka yafe haƙƙinsu a rubuce, wannan ya rage nauyin hukuncin, amma lasisin ya tafi, aikin ya bi shi, takardar zama ta bi aikin. Yanzu yana Alƙahira a ɗaki ɗaya da 'yarsa, yana taya wani ɗan ƙasarmu mutumin Dongola tsaron shagon kayan ƙamshi. Bai ambaci sunana ba a ko'ina, ko da aka tambaye shi wa ya gaya wa. Duk Juma'a yakan kira ni, ya tambayi mahaifiyata da gwiwarta.

Ni na kai shi ofishin 'yan sanda da safen nan, washegarin ta'aziyya. Da muka isa ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya juyo ya tambaye ni ko zan shiga tare da shi, ko da zama ne kawai a benci.

Na ce masa babu wurin ajiye mota.

Ya dubi filin. Fayau yake, motocin da ke ciki ba su kai goma ba. Ya ce ba komai, in kula da hanya, sannan ya rufe mini ƙofar a hankali ya shiga shi kaɗai.