Ma'aunin Ruwa a Bakin Indararo

Ranar da injin ban-ruwa ya yi tari ya tofo laka, ranar Doguwa ya gane akwai matsala. Janairu bai ma ƙare ba, tumatirinsa na tsakiyar fure, ga yashi ya fara fitowa a tsakiyar kogin da ke bayan Basawa.

Doguwa manomin rani ne tun yana saurayi. Bai taɓa shuka fiye da rabin fadamarsa ba, domin ruwan kogin daga duwatsu masu nisa yake gangarowa, kuma ba wanda ya san yawan abin da damina ta zubar a can. Da rabin nan ya riƙe gidansa, da shi da kuɗin shanun da ya sayar ya kai 'yarsa Precious jami'a a Samaru, ta karanci ilimin ruwa.

Aikinta na kammala karatu lissafin ruwan kogin nan ne: wanda ya sauka a kan duwatsu, wanda ƙasa ta sha, wanda rana ta kwashe, da ragowar da za ta iso fadama da rani. Ma'aunan ruwan sama duk a kwari suke, saboda haka ta ɗauki nata guda ta kai wani ƙauye a kan dutse, ta kafa shi a fili. Matar faston ƙauyen ce ke dubawa tana aiko mata da adadin ta waya. Da damina ta wuce, kafin a fara shukar rani, Precious ta kawo wa mahaifinta sakamako.

"Baba, bana ruwa ya sauka a duwatsu ba kaɗan ba. Kogi zai kai Afrilu."

"Da idonki kika gani, Malama?"

"Lissafi ne, Baba."

"To, ai saboda lissafin nan na rabu da shanuna," ya ce yana dariya. Ya shuke fadamar kakaf, har da sanar da maƙwabta cewa yanzu gidansa akwai mai sanin sama.

Da kogi ya ja baya, Precious ta hau mota ta koma ƙauyen. Ba ta ga ma'aunin a fili ba. A bakin indararon coci ta same shi, a jere da bokitai da randuna.

"'Yar nan, wa ke tarar ruwa a tsakar fili?" in ji matar fasto. "Tausayinki na ji, ɗan kaɗan yake samu. Shi ne na matso miki da shi inda zai cika." Har acca ta ƙulla mata tsaraba.

Doguwa ya saurari labarin yana tsugune tsakanin kunyoyin tumatir, yana murza furen da ya kaɗe.

"Ba ta yi laifi ba. Ni ma da ni ne, can zan ajiye shi," in ji shi. "Duk tsawon rayuwata ban san ruwan dutse ba, ban kuwa taɓa asarar shuka ba. Sai bana da aka ce na sani."

Precious ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Tun ranar bai sake ce mata Malama ba.

Ya ɗauko Oladipo, mai haƙa rijiyar burtsatse a Sabon Gari, ya kafa bututu cikin yashin kogin. Wurin farko dutse aka tarar. Oladipo ya ce idan aka dace kafin ƙarshen mako, wataƙila ɓangaren da ke kusa da gaɓa ya rayu. Yau ya koma can gangaren kogin ya fara sabon haƙa. Har yanzu bai aiko cewa ya ga ruwa ba.