Daga Turke Zuwa Bakin Rijiya

Tambayar nan ta ba ni wuya fiye da rijiyar da na haƙa a bayan Ngojin, wadda dutse ya tare ni a gaba tara. Ni mai haƙar rijiya ne. Aji huɗu na yi a firamare, aka cire ni aka miƙa min diga.

'Yata ta biyu ce ta kawo min ita. Tana ajin kimiyya a sakandare, kuma tun tana ƙarama duk abin da ya shige mata duhu ni take tambaya. Ranar ta same ni bayan la'asar ina kankare laka a ƙafa.

"Baba, in za a lissafa ƙarfin da duniya take jan mutum da shi, sai an sa nisan da ke tsakaninsu. To don me ake sa nisa daga nan har tsakiyar duniya? Wai radiyos."

Da na ce ban sani ba, da na huta. Amma shekara talatin ina shiga cikin ƙasa, sai na ga in dai maganar ƙasa ce, ni ne malami. Mu daga baki muke auna zurfi. Ka tsaya, ka saki igiya, ka ƙirga gaba. Na ce, "Ke ba a kan ƙasar kike tsaye ba? Wane nisa kuma? Masu littafin nan ba su taɓa riƙe igiya ba."

Ta je ta faɗa a aji, har da cewa babanta ne ya ce. Aka yi ta mata dariya. Wata ta ce ta koma ta tambayo guga. Kwana biyar ba ta kawo min littafi ba. Ta gaishe ni, ta ajiye min ruwa, ta wuce. Uwarta ta ce, "Malam, kai ma da karambani. Ina ruwan rijiya da boko?"

Na hau keke na tafi hanyar Mamudo, wajen wani malamin kimiyya da na taɓa yashe wa rijiya. Ya cika min takarda da haruffa, wannan bisa wancan, yana ta Turanci. Kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Malam, don Allah yi min da Hausa."

Ya ajiye biro. "In kana so rijiya ta tafi sak, me kake yi?"

"Dutse nake ɗaura wa igiya in saki."

"Ina yake nufa?"

"Ƙasa mana."

"Na mai haƙa a Fika fa? Na wanda ke can ɗaya gefen duniya fa?"

Ya ce duniya dunƙulalliya ce, kuma kowane ɓangarenta yana jan dutsen nan, na gabas da na yamma da na can ƙarƙashi. In aka haɗa jan duka, sai ya zama kamar daga wuri ɗaya yake fitowa, wato tsakiya. Da za a ci gaba da haƙa rijiyoyin duniya, can za su haɗu. Nisan mai tsayuwa a bakin rijiya da wurin nan shi ake sakawa.

A hanyar dawowa haushi ya ishe ni. Kafin in sara diga ko ɗaya, turke nake kafawa a tsakiya, in ɗaura igiya, in zagaya in shata bakin rijiya. Kullum daga tsakiya nake farawa, amma da yarinya ta tambaye ni sai na tsaya a baki ina cika baki. Na shiga gida na wuce ɗakina. Ban iya ba da haƙuri ba, ubana ma bai iya ba.

Washegari da safe, kafin ta tafi makaranta, na kafa turke a tsakar gida na shata da'ira. Na kira ta na ce ta tsaya a kan layin, ta riƙe bakin igiyar.

"Turken nan tsakiyar duniya ne. Nawa ne tsakaninku?"

"Tsawon igiyar."

"To shi ne. Ni na ɓata, littafin yana da gaskiya. Ki faɗa musu haka."

"Baba, ai na gane tun shekaranjiya." Ba ta saki igiyar ba. "Amma don me a lissafin ake ninka nisan da kansa?"

Na ce ban sani ba. Na je na duba iskar tayar keke.