Hutun da Na Ɗora wa Mma

Ƙanshin citta da kanumfari ne ya tashe ni a safiyar ranar, haɗe da ɗan tsamin gasara da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na tuna na yi murmushi a kan katifa, ina ce wa kaina daga yau wannan ƙanshi ba zai ƙara tashin kowa a gidanmu ba. Murna nake yi, wallahi. A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba. Budurwa ce ni mai sanyin hali da yawan mafarki ido biyu, irin wadda trotro, motar hayarmu, zai wuce da ita tasharta saboda ta shagala da kallon girgije. Ina rubuta 'yan waƙoƙi a ɓoye, ina kuma ganin rayuwa kamar labarin da aka miƙo mini in gyara masa ƙarshe. Na rubuto wa mujallar nan ne don in faɗi yadda na cuci mahaifiyata da alheri, ko wani zai karanta ya ja birki.

Mma mai koko ce a bakin wani lungu a unguwar Nima. Tun da na buɗe ido na gan ta a kan kujerar nan, tukunya a gabanta an naɗe ta da tsumma don kada ta huce, ƙosai na soyuwa a gefe. Baba ya rasu ina sakandare, don haka da kokon nan aka yi mana komai, ni da ƙannena. Abin da idona yake gani shi ne wahala: jiƙa gero, kai niƙa, tata, tashin asuba, hayaƙin da ke sa ta hawaye, tabon mai a bayan hannunta. Sannan akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya sani. Ni ce 'yar fari, danginmu kuwa tsofaffin Hausawan Sabon Zongo ne masu riƙo da al'adar da, don haka Mma tana kunyata. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Yarinyar nan take ce mini, kuma ko muna ɗaki ɗaya sai ta dubi ƙanwata ta ce a gaya wa yarinyar nan abinci zai huce. Ba ta yaba ni a gaban mutane, ba ta yi mini faɗa, ba ta kuma musu da ni. Da haka na taso har na daina lura.

Sai Allah ya ba ni aiki a wani kamfanin buga littattafai a Kokomlemle, ina duba rubutu ina gyara kurakurai kafin a kai inji. Kai, ban san yadda zan kwatanta daɗin da na ji ba. A biya ni don in yi karatu! Ina shiga ƙofa warin tawada da sabuwar takarda su tarbe ni, injin da ke ƙasan bene yana gurnani kamar wata dabba mai kirki, ni kuwa in zauna kusa da taga da jan birona ina farautar waƙafi da ya ɓata hanya. Ranar Litinin ce ranar da na fi so a mako, har abokan aikina suna cewa a kai ni a duba mini kai. Idan na taso da yamma, trotro ya cika maƙil, ana zufa ana faɗa da yaron mota, ni ina can ina murmushi ni kaɗai. Kuma duk lokacin da na sauka na ga Mma tana wanke tukwane, sai tausayi ya kama ni, in ce a raina ga ni ina aikin da nake so, ita kuwa tana aikin dole.

Ana nan sai aka yi wa wani dattijo a wurin aikinmu bikin ajiye aiki. Aka kafa rumfa, aka yafa masa sabon zane a kafaɗa, kowa ya tashi ya faɗi alherinsa, shi kuwa yana ta share hawaye. Ina zaune a baya sai na ga Mma ƙarara a zuciyata a kan kujerar dattijon nan, cikin leshi, jama'ar Nima na yi mata tafi. Na ce ai ita ma ta yi wa mutane hidima, me zai hana a karrama ta ta huta? Tun daga wannan rana ba ni da wani tunani. Na riƙa tsara abin a kaina kamar baitin waƙa, ina ƙara wannan ina rage wancan, har launin kujerun na zaɓa.

Ba zan ce ban tambaye ta ba, amma ga irin tambayar. Wata rana tana tsince gero, na zauna daga gefe na ce da ƙanwata, da ƙarfi yadda Mma za ta ji, ai lokaci ya yi da Mma za ta huta tunda na kama aiki. Hannun Mma ya tsaya a cikin faranti. Can sai ta ce Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta ci gaba da tsintarta. Na tashi da tsallena, na ɗauka an amince. Na je na sami liman na ce walimar godiya za mu yi. Na sami mai gidan da rumfar kokon Mma ke jingine da katangarsa. Na sami matar da ke taya Mma suya, wata bazawara 'yar arewa da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya ƙanana, wadda ta fara da dakon kaya a kasuwa kafin Mma ta jawo ta, na ce ta shirya, wurin zai zama nata. Ta durƙusa tana godiya har na ji kunya. Na fitar da yayi, wato zane iri ɗaya, shuɗi mai ɗigon fari, na raba wa 'yan uwa. Inna, ƙanwar Mma da ke aure a Maamobi, mace mai baki kamar reza, ta juya zanen a hannunta ta ce ita dai ta san walimar aure da ta sauka da ta dawowa daga Makka, wannan ta 'yan boko kuwa sai ta zo ta gani da idonta. Na yi dariya, na ce ta zo da wuri.

Ranar Lahadin nan Nima ta yi mini kyau. Kujeru sun tare rabin lungu, mata sun fito cikin shuɗi, yara na zagaye rumfa. Mma ta fito da tukunyarta kamar kullum, a zatonta kokon sadaka za ta raba saboda aikina. A ranar na fara tsayawa na kalle ta tana sana'a, amma murna ta hana ni fahimtar abin da nake kallo. Ta tsokani wani direba da harshen Twi, ta ce cikinsa ya riga motarsa isa tasha. Ta mayar wa wata tsohuwa baƙar magana da harshen Ga har tsohuwar ta riƙe ciki don dariya. Wani mahauci ya ce a ƙara masa siga, ta ce matarsa ta riga ta kawo mata ƙararsa, likita ya hana, ya sha haka ko ya ba da wuri. Ba ta tambayar kowa yadda yake so, hannunta ya sani. Ni kuwa ina gefe ina maimaita jawabina a zuci.

Da aka natsu na miƙe. Na faɗi wahalar da Mma ta sha a kanmu, na kawo maganar hayaƙi da tashin asuba, na ga mata suna share ido, abin ya ƙara mini ƙarfi. Sannan na ce daga yau mahaifiyata ta ajiye aiki, ni zan ɗauki gida, rumfa da tukunya kuma ta bar wa mai taya ta, sadaka saboda Allah. Wuri ya kaure da kabbara da guɗa. Mai gida ya ce ya shaida. Liman ya ɗaga hannu, ya yi addu'a mai tsawo, ya sa mini albarka har na ji kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa, aka shafa Fatiha. Na yafa wa Mma sabon leshi. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na girgiza, jama'a na cewa ku dubi Hajiya, daɗi ya sa ta kuka. Ban taɓa jin farin ciki irin na wannan safiya ba. Na riƙa rungumar mutane, har waɗanda ban sani ba. Inna ce kaɗai ta tafi ba ta yi mini sallama ba, na ce halinta ne.

Makonnin farko ina tafe ina jin kaina a sama. Na sayo mata talabijin, na sayo kujera mai laushi, ina ba abokan aikina labari. Sai dai Mma ba ta daina tashin asuba ba. Takan yi salla ta zauna a tsakar gida, hannuwa a cinya, har rana ta fito. Idan za ta unguwa sai ta zaga ta bayan masallaci don kada ta bi ta bakin lungu. Dariyarta ta ɗauke. Abinci sai ta taɓa ta ture. Ƙafafunta suka fara kumbura, muka je asibiti aka ce ta rage zama, ta riƙa motsa jiki. Ni da wautata sai na ce gajiyar shekaru ce take fita, na ƙaro mata magungunan ƙarin jini.

Inna ce ta tare ni wata Asabar a ƙofar gida, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta ce tana da tambaya ɗaya ga mai digiri. Ta ce wannan aikin nawa da nake rawar kai a kansa, idan gobe wani mai ƙaunata ya tara jama'a ya kira liman ya ce na ajiye, ya miƙa teburina ga wata, yaya zan ji? Na ce ai ba ɗaya ba ne, ni ina son aikina. Ta dube ni sama da ƙasa.

"To ita wa ya ce miki ba ta son nata? Kin tambayi uwar da ba ta iya kiran sunanki, kina jira ta ƙaryata ki a gaban liman?"

Nan na gane ɓarnar da na yi. Washegari na je wurin matar nan da na ba rumfar ina kame-kame, ita kuwa baiwar Allah tun kafin in gama ta ce Hajiya ta dawo ko yau, dama wurin bai taɓa zama nata a zuci ba. Na rugo gida da sabuwar murna, na durƙusa a gaban Mma, na ba ta haƙuri, na ce an gyara komai. Ta daɗe tana kallon bango, sannan ta yi magana, kuma da bangon ta yi.

"A gaya wa yarinyar nan, abin da aka bayar da Fatiha ba a karɓa. Marayu na ci a wurin."

Ba ta koma ba har yau. Bayan wani lokaci ta sa aka fitar mata da ƙaramin tebur a ƙofar gida, can cikin lungu inda ba mota ba masu wucewa, tana dama 'yar tukunya. Wasu tsofaffin abokan cinikinta sukan biyo ta, mahaucin nan ma yana zuwa a yi faɗan siga. Kumburin ya sauka, dariyar ta dawo, amma ba duka ba.

Yanzu ni ma na yi aure na haihu. Da nake hutun jego, ina son jaririyata kamar raina, amma wallahi akwai safiyar da nake jin kewar warin tawada har in ji kunyar kaina. A nan na gane cewa uwa na iya yin aiki don 'ya'yanta, kuma ta yi shi don kanta, ɗaya bai kore ɗaya ba. Mu 'ya'yan Zongo da muka yi karatu muna da wannan cuta: mun iya ganin gumin iyayenmu, ba mu iya ganin daɗin da ke cikinsa ba, sai mu ɗauka duk sana'ar da ba ta da ofis hukunci ce. Ina roƙon duk wanda Allah ya buɗa masa, kafin ka sauke mahaifiyarka ko mahaifinka daga kan sana'a, ka tambaya a keɓe, ka kuma saurara. Idan akwai kunya tsakaninku, ka aiki wanda za a iya ce wa a'a. Ka rage musu nauyin, ka saya musu abin da zai sauƙaƙa aikin, amma kada ka yanke musu hukunci a gaban jama'a, inda ba su da bakin ƙi.

Sai a ranar sunan 'yata, muna zaune da Inna ana ta hidima, take gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Ni a zatona talauci ne ya zaunar da Mma a bakin lungu. Ashe tun tana budurwa take kokonta, har wani attajiri mai manyan motoci ya nemi aurenta ya ce zai hutar da ita, ta ƙi shi. Ta zaɓi Baba, tela mai keke ɗaya, saboda shi ne ya yi mata alkawari a gaban iyayenta cewa ba zai taɓa raba ta da sana'arta ba. Kuma har ya koma ga Allah bai saɓa ba.