Wutar Ƙarshe a Murhun Inna

Aikin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa, har yau dangina ba su yarda aiki ba ne. Inna takan ce wa maƙwabtanta a Bungudu, "Karatu dai an yi shi, amma toka shika biɗa." Ba ta yi mini ƙarya ba, tsofaffin murahu nake bi.

Ga yadda abin yake. A cikin yumɓu akwai ƙwayoyin ƙarfe ƙanana da ido ba ya gani. In wuta ta gasa ƙasa sosai, sai su saki jiki su fuskanci inda maganaɗisun duniya ke jan su, wato arewar da allurar kamfas ke nunawa. Da ƙasar ta huce sai su ƙame a haka. Ita kuwa wannan arewa ba ta zama wuri ɗaya, tana gusawa sannu a hankali. Saboda haka murhun da ba a motsa shi ba yana iya gaya maka inda arewa take ranar da ya huce. Sai dai ƙasa ba ta riƙe wuta biyu. Kowace sabuwar wuta tana shafe ta baya, ta ƙarshe kaɗai ke zama.

A gindin duwatsun Tsafe na koyi aikin, lokacin da mutum ke shiga daji da gorar ruwa ba tare da waige-waige ba. Muna neman wuraren da magabata suka narka tama don su fitar da ƙarfe. In mun samu sai mu share, mu zuba filasta, wani farin kwaɓi mai daskarewa, a kan gasasshiyar ƙasar, mu zana kibiya mai nuna arewa, sannan mu yanko gutsure. Manoma sukan tsaya su jingina da fartanya suna kallonmu, sun tabbata zinariya muke ɓoyewa. Ina kewar kwanakin nan ƙwarai.

Inna masa take toyawa. Murhunta ita ta gina abinta da jar ƙasa a ɗakin girki, daidai faɗin tandarta. Duk ranar Asabar nakan taso daga Tudun Wada a Gusau da sassafe, tun daga bakin lungu ƙamshin man gyaɗa ke tare ni. Ta farko da ta fito daga tanda tawa ce, ko da mutum goma na tsaye da kwano. In na ƙona baki ta ce, "Auta, gaggawa dai aikin Shaiɗan ce."

Ta rasu ina Tsafe, a wurin da waya ba ta shiga. Kafin saƙo ya same ni in iso, an kai ta.

Bayan kwana bakwai na sayo kwaɗo na garƙame ɗakin girkin, na sa mabuɗi a aljihu. A raina na ce wutar da Inna ta hura da hannunta tana nan kwance cikin ƙasar, ba mai shafe mini ita. In faɗi gaskiya, wannan ba ilimi ba ne. Murhun shekaranjiya ba abin da zai koya wa kowa. Son zuciya ne na yi wa rigar boko.

Shekara ta kewayo, mijin yayata ya rasu, ta dawo gidan da 'ya'yanta uku. Sana'ar Inna ce a hannunta, da ita za ta ci da su. Ta aiko a karɓi mabuɗi, na ce ta gina wani murhun a tsakar gida. Ta gina, damina ta cinye shi. Ta sake aikowa, na ce ina nan tafe. Haka na yi ta ja mata rai, ita kuwa tana suya a ƙarƙashin guntun kwano, ruwa na ɗiga cikin ƙullu. Taurin kai gadona ne, ban musa ba.

Da surutun dangi ya ishe ni, sai na yanke shawara in yanki gutsurena tukuna, sannan ta yi yadda ta so. Na zo da hantsi da kayan aikina. Na buɗe ɗakin, na kore yanar gizo, na durƙusa na zuba filasta a cikin murhun. Na aza kamfas ina zana kibiya ke nan, sai inuwar Yaya ta rufe ƙofa.

"Auta, mi kaka yi haka?"

"Wutar Inna ta ƙarshe nake son ɗauka, Yaya, kafin ki hura taki."

Na yi mata bayani dalla-dalla, yadda nake yi wa ɗalibai. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

"Kac ce ta ƙarshe kaɗai taka riƙewa?"

"Ita kaɗai."

"To ba ta Inna ba ce. Inna ta yi wata huɗu ba ta tako ɗakin ga ba. Ni nika zowa ina dama mata kunu nan, in Asabar ta yi ta ce in toya maka masa in ce ita ta yi, kada hankalinka shi tashi." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Wutar ƙarshe kuwa ni na hura ta, ranar da ta rasu. Ruwan wankanta na ɗumama. Kai kana Tsahe."

Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai. Wata huɗu ina cin masar yayata ina yabon hannun Inna, ban lura da cewa tsohuwar ba ta tashi daga tabarma ba. Sannan na zo na kulle wa wadda ta yi jinyar ƙofa, ina gadin wutar da ita ce ta hura.

Na zaro wuƙar da na zo yanka da ita, na kankare filastar tas, na share ɓarɓashin da tafin hannuna. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ba ta tsaya ji ba.

"Itace na bayan ɗaki," in ji ta. "Ka zaɓo busasshe, ƙullun ya riga ya tashi."